Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Labarina Na Baƙin Ciki Bai Taɓa Kowa Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na rubuta gajeren labari a kan matar da mijinta ya rasu. Kusan kowane sakin layi na sa "baƙin ciki", "ƙunci" ko "hawaye", amma waɗanda suka karanta sun ce ko a jikinsu. Ina na kuskure? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin riga mai karatu kuka ne, shi kuma ya koma ɗan kallo. Ɗauko labarin ki ja layi ƙarƙashin duk kalmar da ta ambaci halin zuciya kai tsaye. A labari mai kalma 1,000, in sun wuce biyu ko uku sun yi yawa. Goge sauran, ki sa abin da ido zai gani a gurbinsu.

Maimakon "Zuciyarta ta cika da ƙunci da ta tuna shi", gwada wannan: "Takalmansa na nan a bakin ƙofa. Ta share ɗakin kaf, ta kewaye su." Ba a ambaci kuka ba, amma wannan kewayewar ta faɗi cewa ba ta yarda ya tafi ba. Riƙe hoton nan guda ɗaya, ki dawo masa sau uku, kowane karo da ɗan canji: da farko tsaf suke, a tsakiya ƙura ta hau su, can ƙarshe ƙaramin ɗanta ya zura ƙafa a ciki yana jan su a tsakar gida. In kika ƙara agogonsa da hularsa da wayarsa, sai ƙarfin ya rarrabu, babu wanda zai zauna a ran mai karatu.

Sai zaɓen kalma. "Ya mutu", "ya rasu" da "rai ya yi halinsa" ba ɗaya ba ne. Na ƙarshen maganar mai kawo saƙo ce, yana lallaɓawa. "Ya mutu" kuwa tsirara take, don haka ki adana ta har wurin da matar za ta furta da bakinta karon farko. Lura kuma da aikatau irin su zube, ƙone, tsinke, bushe: suna nuna abu ya ƙare ƙurmus, ba dawowa. Amsa-kama irin su tsit, jugum, zuru suna aiki, amma ɗaya a shafi ta isa; in suka yi yawa sai labarin ya koma tatsuniya.

Kamantawa ita ce inda aka fi zamewa. "Hawaye kamar an buɗe famfo" ta tsufa, har dariya takan sa. Ciro kamancen daga sana'ar matar da ke cikin labarin: in tela ce, muryarta ta tsinke kamar zare a tsakiyar ɗinki.

Tambaya: Malam, dole ne hadari ya haɗu ko dare ya yi kafin a ji tausayi? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ko kusa. Mai karatu ya saba da wannan har yakan tsallake shi. Sau da yawa akasin haka ya fi ciwo: rana tsaka, yara na ta guje-guje a waje, rediyon maƙwabta na tashi, matar da mijinta ya rasu kuma tana zaune da tsintsiya a hannu. In ka ga lallai sai an yi ruwan, ba shi aikin yi a labarin, misali ya jiƙa takalman nan har ya tilasta mata ɗauke su.