Hukuncin yi wa jaririya aikin tsagaggen leɓe

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An haifa mana 'ya mace da leɓen sama a tsage har cikin ganɗa, in tana shan nono sai ya riƙa fitowa ta hanci. Likitoci sun ce a yi mata aiki, amma mahaifiyata ta ce wannan canza halittar Allah ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya raya ta, Ya ba ta lafiya. Aikin halal ne, ka kai ta a yi.

Tsoron Hajiya yana da tushe, kada ka raina shi. A aya ta 119 ta Suratun Nisa'i, Shaiɗan ya yi alwashin umartar mutane su canza halittar Allah. Hadisin Ibn Mas'ud a Bukhari da Muslim kuma ya la'anci mata masu fiƙe haƙora su yi wushirya don ado. Amma Imam Nawawi ya bayyana cewa haramcin yana kan abin da aka yi don neman ƙarin kyau. Idan magani ne ko gyaran aibi, babu laifi.

Hujja mafi kusa da matsalarku ita ce ta Arfaja bin As'ad. An sare masa hanci a yaƙin Kulab tun a jahiliyya, ya sa na azurfa, ya yi masa wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito. Ka duba fa, zinariyar da aka haramta wa maza ce aka yi masa rangwame da ita don fuskarsa ta daidaita. To ina ga jaririyar da ba ta iya ƙoshi da nono? Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta gyaran lahanin haihuwa irin wannan. Hukunci ɗaya ne da yaran da cutar noma ta cinye wa kunci, waɗanda ake yi wa aiki a Sakkwato.

Sharaɗi shi ne likita ya zama ƙwararre, amfani ya rinjayi haɗari, kai waliyyinta ka amince. Ni dai ina tsoron jinkiri ya zama tauye haƙƙinta, domin ganɗa in ba a ɗinke da wuri ba magana kan lalace. Ka zauna da Hajiya cikin ladabi, ka karanta mata hadisin Arfaja, in ya yiwu ku je wurin likitan tare.

Wallahu a'alam.