Tambaya da Amsa: Kafin ka biya kuɗi, dubi abin da ka rubuta

Wasiƙun wannan makon duk a kan rubutu suka taru, daga saƙon oda zuwa wasiƙar ofis. Na zaɓi biyar.

Tambaya: Na ga tallar wani kwas a intanet, wai cikin kwana uku zan ƙware a rubutun kasuwanci, har da satifiket. In biya?

Amsa: Kada ka yi gaggawa, Malam. Tambaye su abu ɗaya: akwai malamin da zai karanta abin da ka rubuta da kanka ya gyara maka? In babu, bidiyo za su sayar maka, irinsa kuwa ga shi nan jibge a YouTube kyauta. Satifiket kuma babu abokin cinikin da zai taɓa cewa ka nuna masa, wasiƙarka kawai zai karanta.

Tambaya: Ban daɗe da fara aikin ofis ba. Duk wasiƙar da na rubuta sai shugabata ta dawo min da ita, ta ce ba ta gane ba. Har gabana faɗuwa yake in na zauna gaban kwamfuta. Ko in sayi manhajar gyaran rubutu ne?

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki. Wannan wasiƙar taki karatu ɗaya na yi mata na gane, ke nan kin iya rubutu. Abin da nake zargi shi ne tsoro ke sa ki ɓoye buƙatarki. Ki yi doguwar gaisuwa, ki kawo tarihi, ki ba da haƙuri, sai can a layin ƙarshe abin da kike so ya leƙo. Juya shi. Bayan gaisuwar layi ɗaya, ki ce: "Ina neman amincewarki a sayi sabuwar firinta kafin ranar 14 ga wata." Dalili ya biyo baya, cewa tsohuwar ta lalace kuma takardun albashi na jira. Daga nan ki faɗi abin da zai faru in an yi jinkiri. Batu ɗaya, wasiƙa ɗaya.

Ba ke kaɗai aka taɓa cewa ki taƙaita ba. A ranar 9 ga Agusta 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Firaministan Birtaniya Winston Churchill ya rubuta wa jami'an gwamnatinsa yana neman su rage tsawon rahotanni, su jera manyan batutuwa a gajerun sakin layi. Manhaja irin Grammarly kuskuren harafi da nahawun Turanci take kamawa, ba ta san abin da ke zuciyarki ba, kuma ta kyauta ta ishe ki a yanzu. Kafin ki miƙa wasiƙa, ba wata abokiyar aiki ta karanta, ki tambaye ta me ake so a yi kuma yaushe. In ta amsa ba tare da inda-inda ba, ki miƙa.

Tambaya: Na yi odar cajar waya daga wani dila a ƙasar waje. Na rubuta masa ya aiko min "masu kyau, irin na wancan karon". Kaya sun iso, jabu ne. Ya ce abin da na nema ya aiko. Yaya zan yi?

Amsa: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Ya cuce ka, babu shakka, amma kai ka buɗe masa ƙofa, kuma wannan abu ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Mutum ya yi shekara yana tara jari, sannan ya ɗora shi a kan saƙon da bai kai layi biyu ba. "Masu kyau" ba sunan kaya ba ne. Mai jabu ma nasa masu kyau ne a wurinsa. "Irin na wancan karon" kuwa, wane karo? Kai ka tuna, shi yana da masu saye ɗari.

Oda sai ta ƙunshi sunan kamfani, lambar samfuri, ƙarfin caja (wat 20 ne ko 10), da adadi. Adadin ma kada ka tsaya a "katan 50", faɗi guda nawa ne a kowane katan. Ka liƙa hoto, ka nemi samfur tukuna, ka rubuta cewa sauran kaya dole su zo daidai da shi, da abin da za a yi in sun saɓa.

Masu sayen kaya da awo, ku ma ku saurara. Tan a Amurka kusan kilo 907 ne, tan na awon duniya kilo 1,000. Galan a Amurka lita 3.8, a Ingila lita 4.5. Kwanan wata haka: 03/04 a wurin Ba'amurke 4 ga Maris ne, a wurin Bature ɗan Ingila 3 ga Afrilu. Rubuta sunan watan da haruffa ka huta. A 1999 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars saboda wani ɓangare ya yi lissafi da awon Amurka, ɗayan da awon mita. In injiniyoyi sun faɗa wannan rami, ina ga mai tura oda yana cikin mota?

Sai batun dako. Akwai ƙa'idojin Incoterms, masu fayyace wa zai biya dako da wa zai ɗauki asara tsakanin mai saye da mai sayarwa, da Majalisar 'Yan Kasuwa ta Duniya ta fara fitarwa a 1936, sigar 2020 tana da guda 11. A wadda ake kira FOB, kai mai saye za ka biya kuɗin jirgin ruwa. A wadda ake kira CIF, mai sayarwa ke biyan jirgi da inshora, amma a duka biyun, da zarar an loda kaya a jirgi, duk abin da ya same su a wuyanka yake. Da yawa suna sa hannu ba su san haka ba.

Kuma a daina jin kunyar rubuta sharaɗi, wai kada a ce ba ka yarda da mutum ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ajalinsa take. Yanzu ka tattara hotunan kayan da rasit, ka rubuta masa abin da ka nema, abin da ya iso, da abin da kake so ya yi zuwa rana kaza. Ban da zagi, don wasiƙar nan na iya zama hujjarka gobe.

Tambaya: Wane irin harafi da launi zan zaɓa, kuma in buga takarda mai tambari da ruwan zinare don a ɗauke ni babban ɗan kasuwa?

Amsa: Baƙin harafi a kan farar takarda, suna da adireshi da lambar waya a sama. Shi ke nan. Kuɗin ruwan zinaren ka mayar cikin jari.

Tambaya: Ni da saƙon murya na WhatsApp nake ciniki. Dole ne in koma imel?

Amsa: Hajiya, ci gaba da muryarki wajen gaisuwa da taya farashi. Amma in an daidaita, ki rubuta: kaya kaza, guda kaza, a kan kuɗi kaza, ranar kaza, ki ce ya amsa da "na yarda". Ki tuna a WhatsApp ana iya gyara saƙo cikin minti 15 da turawa, ana iya goge shi, akwai kuma tsarin da ke sa saƙonni su ɓace bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 90. Kashe wannan tsarin a hirar kasuwanci, ki riƙa ɗaukar hoton yarjejeniya. Babban ciniki ki bi shi da imel, buɗe Gmail kyauta ne. In kuma saƙo ya zo cewa an canza lambar asusun banki, ko da sunan dilan da kika sani ne, kada ki tura komai sai kin kira shi a tsohuwar lambarsa kin ji daga bakinsa.