Shin allura za ta sa goɗiya ta ɗauki ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina da goɗiya mai shekara 9 a Tibiri, ta taɓa haihuwa sau biyu, amma tun bara na kai ta wurin ingarma har sau uku ba ta ɗauka ba. Wani a kasuwar dabbobi ya ce akwai allurar da ake yi wa shanu wadda za ta sa ta nemi namiji cikin kwana uku. In saya in yi mata?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allurar da ake nufi, bisa ga dukkan alama, ita ce furostagilandin, wadda ake sayarwa da suna Estrumate ko Lutalyse. Tana aiki a jikin goɗiya, amma ban yarda ka yi mata da hannunka ba. Idan ta ɗauki ciki a zuwan ƙarshe ba ka sani ba, allurar za ta iya zubar da shi. Haka kuma maganin yana shiga jikin mutum ta fata, saboda haka mace mai juna biyu da mai ciwon asma kada su kusance shi.

Goɗiya tana dawowa neman barbara kusan kowane kwana 21. Daga ciki, kwana 5 zuwa 7 ne take yarda da ingarma, tana ɗaga wutsiya tana yawan fitsari kaɗan-kaɗan, sauran kwanakin kuwa sai ta kwantar da kunnuwa ta kai masa harbi. Ƙwan yana fita ne kwana ɗaya ko biyu kafin neman ya ƙare, kuma bayan fitarsa ba ya wuce awa 12 da rai, alhali maniyyin ingarma yana iya kwana biyu ko uku a jikinta. A nan masu dawaki da yawa suke asara, domin suna kai ta ranar farko da suka ga alama, a hau ta sau ɗaya, su komo gida, sai maniyyin ya mutu kafin ƙwan ya fito. Abin da ya dace shi ne ta zauna kusa da ingarman, a fara haɗa su a rana ta biyu ko ta uku, ana tsallake kwana ɗaya, har sai ta ƙi shi da kanta.

Bayan ƙwai ya fita, wani ɗan ƙulli yana tsirowa a gurbinsa yana fitar da sinadarin furojestaron, wanda ke hana ta neman namiji. Furostagilandin narkar da wannan ƙulli kawai take yi, kuma sai ya kai kwana 5 take iya taɓa shi. Idan an dace da lokaci, goɗiyar za ta nemi barbara cikin kwana 2 zuwa 4, bayan ta yi gumi da ɗan murɗar ciki na ɗan lokaci. Idan kuwa babu ƙullin, an yi asarar kuɗi ke nan. Akwai allura ta biyu, Chorulon, wadda ake yi idan jakar ƙwan ta kai kusan milimita 35, sai ƙwan ya fita cikin awa 36 zuwa 48. Wannan awon sai da na'urar duba ciki, kuma maganin yana bukatar sanyi. Wanda ya sha zafin bazara a rumfar kasuwa ba abin dogaro ba ne. Na uku shi ne Regu-Mate, na sha, wanda ake bayarwa kwana 15 a jere, idan aka daina ta nemi namiji bayan kwana 4 ko 5.

A Turai goɗiyoyi suna daina nema a lokacin sanyi saboda gajartar rana, har ana kunna musu fitila a barga. Mu nan Maradi bambancin tsawon rana kaɗan ne, abin da ya fi tsayar da su shi ne rama a ƙarshen rani. Idan kana ƙirga haƙarƙarinta daga nesa, harawa da dusa da gero da maganin tsutsar ciki sun fi kowace allura gaggawa.

Ni abin da nake zargi a goɗiyar da ta haihu sau biyu sannan ta tsaya shi ne ruwa ko ƙwayoyin cuta a mahaifa, wanda ake wankewa a bi da allurar okisitosin, mai sa mahaifa ta matse ta fitar da ruwan, da maganin da ya dace. A kuma bincika ingarman: goɗiyoyi nawa ya hau bara, nawa suka haihu? Idan akwai kumburi a gabansa ko a nata, a dakata da haɗa su, domin akwai cutar da dawaki ke ɗauka ta barbara.

Ka nemi likitan dabbobi ya duba ta tukuna, ka riƙa rubuta ranar da ta fara nema da ranar da ta ƙi. Bayan an hau ta, a gwada ta da ingarma daga kwana 16 zuwa 21. Idan ta ci gaba da harbinsa, a tabbatar da cikin, sannan ka lissafa wata 11 daga ranar da aka hau ta.