Hukuncin sallar mai ciwon baya da ya daɗe a kwance

Tambaya: Malam, hoton da aka yi mini ya nuna faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ƙuguna ya zame. Likita ya ce in kwanta kwana uku, amma tsoron ciwon ya sa na shiga wata na biyu a gado, a kwance nake salla. Wani ya ce mini sallar kujera ba ta inganta. Mene ne hukunci?

Amsa: Allah Ya ba ka lafiya, ɗan'uwa. Sallar kwance ga wanda ya kasa zama ta halatta babu saɓani, kuma babu ramuwa a kansa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kwana ukun nan da ka mayar wata biyu. Rangwamen yana tafiya ne da gazawa. Idan kana tashi ka je banɗaki da ƙafarka, to tsayuwar kabbarar harama da Fatiha a farilla tana kanka, ko da dogara sanda ne.

Kuma kwanciyar kanta tana cutar da kai. Cikin wannan faifai babu jijiyoyin jini. Abincinsa yana shiga ne ta hanyar matsewa da sakewa idan mutum yana motsi. Doguwar kwanciya tana sa ya sha ruwa ya kumbura, naman da ke riƙe ƙashin baya kuma ya rame, sai ranar tashi ta zo babu mai tallafa masa. Shi ya sa likitoci ba sa son kwanciyar ta wuce 'yan kwanaki. Ka koma asibiti ka faɗa musu gaskiya, ka nemi sashen gashin ƙashi. Ka kiyayi sunkuyawa da ƙarfi da asuba, lokacin faifan ya fi cika.

Maganar kujera kuwa, masu hanawa suna cewa ba a san ta ba a zamanin sahabbai, dole a zauna a ƙasa. Wannan ba ya tsayawa. Annabi (SAW) ya ce wa Imrana bin Husaini ya yi a zaune in ya kasa tsayuwa, bai ƙayyade masa yanayin zaman ba. Mai littafin Risala, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, ma ya ce mara lafiya ya harɗe ƙafa in zai iya, in ba haka ba gwargwadon ikonsa. Wanda zaman ƙasa ke tura masa zafi har ƙafa, in ka hana shi kujera ka mayar da shi gado, alhali zama ya fi kwanciya daraja a jerin matakan sallar mara lafiya. Abin da ake zargi shi ne mai iya sujada a ƙasa ya bar ta don jin daɗin kujera. Kai ka tsaya ka yi karatu, ka yi nuni da ruku'u, ka zauna ka yi nuni da sujada, kana sunkuyawa fiye da na ruku'u.

Sallolin da ka yi a kwance alhali ka tabbata kana iya zama, ka rama su.

In ka ji fitsari ko bayan gida na kufce maka, ko tsakanin cinyoyinka ya mutu, ko ƙafa ta yi sanyi ba ƙarfi, a kai ka asibiti a ranar. Wallahu a'alam.