Tambaya da Amsa: Wa Ke Cinye Kuɗin Wutar Gidana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne a unguwar Yelwa da ke Garwa, ina zaune da iyalina a gidan da na gada. Tun da zafi ya shigo, takardar kuɗin wutata take haura sefa 10,000 a wata, kuma ta watan jiya ta nuna mun sha kilowat 168, alhali ba mu da na'urar sanyaya ɗaki, ba ma kuma girki da lantarki. Abin da muke da shi fanka biyu ne, da ƙaramin firji, da talabijin, da ƙwayayen fitila bakwai irin na da, masu zare a ciki. Shida masu wat 60 ne a ɗakuna da tsakar gida, ɗaya kuma mai wat 100 ne a ƙofar zaure, wanda yake kwana a kunne. Ni dai wayoyin yara na fi zargi, domin kullum suna maƙale a jikin bango. Maƙwabcina ya ce in koma amfani da sababbin ƙwayayen fitila marasa shan wuta da ake kira LED, amma na ga kuɗinsu ya ninka na waɗanda na saba saye. Shin canjin zai mayar da kuɗinsa, ko kuwa daɗin bakin 'yan kasuwa ne?
— Wani mai karatu daga Garwa

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara rufin asiri. Da farko ina roƙon a sakar wa yaran nan mara, domin ba su da laifi a wannan shari'a. Cika batirin waya ɗaya daga ƙasa har sama ba ya cin fiye da abin da ƙwan zaurenka yake sha a cikin minti goma zuwa goma sha biyar, don haka ko wayoyi huɗu ake cikawa kowace rana, da ƙyar su kai kilowat 3 a wata. Mai laifin yana rataye a saman kanka.

Ga yadda lissafin yake, kuma yana da kyau kowane magidanci ya iya shi da kansa. Abin da mita take ƙirgawa, wanda ake rubuta wa kWh a jikin takarda, mu kuma muke kira kilowat, shi ne ƙarfin wat 1,000 da aka sha na tsawon awa ɗaya. Saboda haka sai a ɗauki wat ɗin da ke rubuce a jikin abu, a ninka shi da yawan awannin da yake yi a kunne, a raba da 1,000. Mu ɗauka ƙwayayenka shida masu wat 60 suna yin awa biyar kowane dare, daga magariba zuwa lokacin kwanciya. Wannan ya ba da 1,800, idan aka raba da 1,000 ya zama kilowat 1.8 a rana, wato kilowat 54 a kwana talatin. Na ƙofar zaure kuwa, idan yana yin awa goma sha ɗaya daga faɗuwar rana zuwa bayan asuba, shi kaɗai yana shan kilowat 33 a wata. Jimilla kilowat 87 ke nan, fiye da rabin abin da takardarka ta nuna. Fanka biyu masu kamar wat 65, idan suna juyawa awa goma sha biyu a rana, kamar yadda dole ne a Garwa cikin Maris da Afrilu lokacin da zafi yake wuce digiri 40, za su ɗauki kusan kilowat 47. Ɗan abin da ya rage shi ne rabon firji da talabijin da wayoyin da ake ta yi wa faɗa a kansu.

Dalilin da ya sa ƙwan da yake da wannan ci shi ne, haskensa yana fitowa ne daga zaren ƙarfe da lantarki yake gasawa har ya yi fari, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya sha zafi take zama, ba haske ba. Duk wanda ya taɓa kai hannu zai kwance shi bayan an kashe, ya janye da sauri, ya san wannan. Shi ya sa masu kiwon kaji suke rataya shi a kan 'yan tsaki don ɗumama su. Abin mamaki a nan shi ne, a gida irin naka ana biyan kuɗi sau biyu: ana biya ƙwai ya ƙara wa ɗaki zafi, ana kuma biya fanka ta yi fama da zafin.

Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske daidai da na tsohon mai wat 60, mai wat 15 kuma yana tsayawa a madadin mai wat 100. Idan aka maimaita lissafin da waɗannan, shida na cikin gida za su sha kilowat 8 a wata, na zaure kuma kilowat 5. Wato 87 ta koma 13, an rage 74, takardarka ta sauko daga 168 zuwa wajen 94.

A nan ne maganar take da daɗi ga mu mazauna Kamaru, saboda kuɗin kilowat ba ɗaya ba ne ga kowa. Bisa jadawalin gidajen zama da aka fitar a 2012 ƙarƙashin kulawar ARSEL, hukumar da ke sa ido a kan harkar lantarki a ƙasar, wanda aka daɗe ana aiki da shi, wanda bai wuce kilowat 110 a wata ba yana biyan sefa 50 a kan kowane kilowat. Daga 111 zuwa 400 farashin ya zama 79, daga 401 zuwa 800 ya zama 94, abin da ya haura haka kuma 99. Kai yanzu kana cikin mataki na biyu, kuma canza ƙwayayen nan bakwai kaɗai ya isa ya dawo da kai na farko, inda kilowat 94 yake kama sefa 4,700 kafin a ƙara sauran abubuwan da ake ɗorawa a takarda. Ka duba taka takardar da kyau, domin farashin da aka yi maka lissafi da shi yana rubuce a jiki.

Batun tsada kuwa, mu ce ka sayi kowane ƙwai a kan sefa 1,500, duka bakwai ɗin sun tashi 10,500. Ko da a farashi mafi sauƙi na sefa 50 aka auna kilowat 74 ɗin da ka rage, ka tsira da 3,700 a wata, don haka kafin wata uku kuɗinka ya dawo. Ga kuma ƙarko: tsohon ƙwai ana yi masa ƙiyasin awa 1,000, wanda ga na zaurenka bai fi wata uku ba, LED mai kyau kuwa ana yi masa awa 15,000 zuwa 25,000. Idan aljihu bai ba da damar canza su a lokaci ɗaya ba, a fara da na ƙofar zaure, shi ne babban maciyi, sannan a bi da na tsakar gida da na ɗakin da aka fi zama. Na makewayi, wanda ba ya yin rabin awa a kunne a rana, yana iya jira har ya mutu da kansa.

Akwai kuma wani amfani da ba ya fitowa a takardar kowa. Wutar da muke sha a Garwa da Marwa da Ngaundere ta dogara ƙwarai da madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, abin da take iya bayarwa yana raguwa. An ƙara tashoshin hasken rana a Marwa da Gidar, amma lokacin da kowa yake kunna fitila, wato bayan magariba, rana ta riga ta faɗi. Kowane gida da ya sauke nauyinsa a wannan lokaci ya rage wa layin wahala.

Tambaya: Malam, ni na riga na koma LED tun bara, amma abin ya ishe ni. An rubuta a kwali cewa zai yi shekaru, sai ya fara ƙyaftawa bayan wata uku ya mutu. Wani kuma ko an kashe shi sai ya riƙa ɗan haske cikin dare. Ina matsalar take?
— Wata uwargida daga Domayo, Marwa

Amsa: Hajiya, Allah ya ba da haƙuri, ba ke kaɗai ba ce. A mafi yawan lokuta ba ƙwayar hasken ce take fara mutuwa ba. A cikin gindin ƙwan akwai 'yan ƙananan kayan lantarki da suke mayar da wutar gida mai bolt 220 zuwa wadda LED yake iya ɗauka, kuma su ne zafi da hawa da saukar wuta suke kashewa. Ƙwan da aka kulle cikin gilashin ado a ƙarƙashin rufin kwano a Marwa, ba iska ba mafita, ba zai kai kwanakin da aka rubuta masa ba ko da mai kyau ne. Haka kuma lokacin da aka dawo da wuta bayan an ɗauke, takan zo da ƙarfi, shi ya sa ya dace a kashe makunnai idan an ɗauke, a bar fitila ɗaya tak don a san ta dawo.

Sai kuma ingancin abin da aka saya, domin araha ba ta ado. A kasuwa za ki ga ƙwai mara nauyi kamar ɓawon gyaɗa an rubuta masa wat 30 ko 40, ki kunna ki ga bai kai hasken mai wat 9 na ƙwarai ba. Abin dubawa a jikin kwali shi ne lumen, wanda ake taƙaitawa da lm, domin shi ne ma'aunin haske. Ɗaki madaidaici yana buƙatar kamar lumen 800, kuma ƙwai mai kyau yana ba da wajen lumen 90 zuwa 100 a kan kowane wat. Kwalin da bai faɗi lumen ba sam, a mayar wa mai shago kayansa. A duba kuma iyakar bolt ɗin da yake jurewa, a fifita mai faɗin iyaka a kan wanda aka rubuta wa 220 kawai. Lambar da take ƙarewa da K launin haske take nunawa: 6500K fari ne fat, ya dace da madafa da wurin ɗinki ko karatu, 2700K zuwa 3000K kuma yana da ɗan ruwan ɗorawa, ya fi daɗin ido a ɗakin kwana. Ni abin da nake yi, ranar da na ɗaura ƙwai sai in rubuta kwanan wata a gindinsa da alƙalami mai tawada, don in san wane iri ne ya yi ƙarko da wanda ba zan sake saye ba.

Hasken da yake yi bayan an kashe kuwa, kada a ɗauke shi da wasa. Wani lokaci makunni mai 'yar fitila a jiki ne yake jawo shi, wannan ba komai ba ne. Amma sau da yawa alama ce ta cewa wanda ya haɗa wayoyin gidan ya sa makunnin a kan wayar da ba ita ce mai wuta ba, ta yadda ko an kashe, akwai wuta a mazaunin ƙwan, kuma tana iya jan mai canza shi. A kira ƙwararren mai gyaran lantarki ya auna ya gyara. Idan kuma akwai sauran irin murɗaɗɗun ƙwayayen nan da ake kira ekonomi a gidan, a sani suna ɗauke da ɗan sinadarin makuri mai guba, don haka idan ɗaya ya fashe a fitar da yara, a buɗe taga, a kwashe gilashin da kwali ba da hannu ba.

Tambaya: Mu haya muke, gida ɗaya ɗaki biyar, mita ɗaya. Kowane wata raba kuɗin ake yi daidai, alhali ni fitila biyu da fanka kawai gare ni, wani kuwa yana da firjin sayar da ƙanƙara da dutsen guga. Yaya za mu yi ba tare da an ɓata zumunci ba?
— Wani ɗalibi daga Ngaundere

Amsa: Ɗan'uwa, ƙorafinka yana kan hanya. Dutsen guga mai wat 1,000 yana shanye a awa ɗaya abin da ƙwan LED mai wat 9 zai yi fiye da awa ɗari bai sha ba, firjin ƙanƙara kuwa dare da rana yake aiki. Ga wata asara kuma da ta shafe ku duka: da yake wutar ɗaki biyar mita ɗaya take bi, jimillar tana tsallake kilowat 110 cikin sauƙi, sai ku faɗa farashi mai tsada wanda da kowa yana da mitarsa wataƙila ba zai kai ba.

Mafita mafi tsabta ita ce ku sami mai gidan ku roƙe shi ya nema wa kowane ɗaki mitarsa daga kamfanin lantarki, musamman irin wadda ake sayen wuta a zuba mata tun kafin a sha. Idan hakan bai samu ba, ana sayar da ƙananan mitoci da mai gyara zai iya ɗaura wa layin kowane ɗaki. A ranar da takarda ta zo, sai ku zagaya tare ku karanta su a gaban juna, a rubuta a littafi ɗaya, a raba kuɗin gwargwadon abin da kowace ta nuna, fitilar tsakar gida da ta makewayi kuma a raba su daidai. Shawarata ita ce ka fara kai maganar ga mai gidan ko ga dattijon cikinku, shi ya gabatar da ita a matsayin tsarin gida, kada ta fito daga bakinka kai tsaye zuwa ga mai firjin.