Amsa: Me ya sa Yahudawa ke da dokokin abinci?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko don kiwon lafiya Yahudawa suke bin dokokin abincinsu da ake kira kosha. Akwai wanda ya faɗi haka, wato babban malaminsu Musa bin Maimun da ya rasu a Masar a 1204, amma dalilin da Attaura ta bayar a Littafin Firistoci sura 11 shi ne tsarki: jama'a ta keɓe kanta ga Allah har a bakin tukunya.

Dabba sai mai rababben kofato kuma mai tuƙa, shi ya sa raƙumi da zomo suka haramta gare su, ba alade kaɗai ba. Kifi sai mai ƙege da ɓawo a jiki, don haka tarwada ta fita.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne raba nama da madara. Sau uku Attaura ta hana dafa ɗan akuya cikin nonon uwarsa. A gidan mai kiyaye dokar za ka tarar da tukwane da cokula kashi biyu, kuma da yawansu sukan jira awa shida bayan cin nama kafin su sha madara.