Tambaya da Amsa: Ina zayyana a Makka, ina zan kai aikina a gani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya gida ya yara. Ni matashi ne shekarata 24, anan Makka aka haife ni a Shara Mansur, kakanmu ne ya zo aikin Hajji ta ƙasa ya zauna. Tun ina makarantar allo nake zayyana, wajen wani tsoho Bakano na koya, yanzu na koma yi a takarda mai kauri da kan katako ina haɗawa da zanen aska takwas irin na babbar riga. Ɗakina ya cika har Umma ta fara ƙorafi. Na tura hotuna wani waje ta Instagram sukace in biya riyal 1,500 su rataye min guda biyu na sati ɗaya. Dan Allah haka akeyi? Kuma mai igama (takardar zaman baƙo a Saudiyya) irina ana ma kula shi kuwa? Baba yace in bar ɓata lokaci in riƙe aikin shago.

AMSA: Wa alaikassalam ƙanena. Wallahi naji daɗin wasiƙar nan, sau biyu na karanta. Bari in fara da kuɗin tunda shi ne na gaggawa: kar ka biya. Ba wai nace ƴan damfara bane, akwai masu hayar bango kuma sana'arsu kenan, amma wanda ya riga ya karɓi kuɗinsa a hannunka me zai sa ya wahala wajen nemo maka mai saye? Galari na gaske, wato wajen baje kolin zane da sayar da shi, shi yake zaɓar mai zane, ya rataye aikin da kuɗinsa, ya gayyato mutanensa, in an sayar ya cire kasonsa wanda sau da yawa yakan kai rabi. Cinsa yana cikin cinka, shi yasa zai tsaya maka. Wannan 1,500 ɗin ka sayi takarda mai kyau da firam, ragowar kayi kuɗin jirgi.

Jirgin kuwa jirgin ƙasa na Haramain nake nufi, ka hau a tashar Rusaifa wajen rabin awa kana Jidda, kuma Jidda ita ce cibiyar wannan harka a yankinmu na Hijaz tun da daɗewa. Tun 1968 Safeya Binzagr da Mounirah Mosly suka baje zanensu a wata makarantar ƴan mata a garin, lokacin babu galari babu komai, aji suka samu suka rataye. Yau akwai galarin Athr da aka buɗe a 2009, akwai Hafez Gallery, waɗannan na kasuwanci ne kuma gaskiya ba a shiga musu da zane a hammata ace gashi ku duba, sai sun daɗe suna ganin sunanka yana fitowa a ƙananan wurare. Amma ƙofarsu a buɗe take ga mai kallo, ka shiga ka kalla ka karanta ƴar takardar da ke gefen kowane aiki, ka lura da yadda suke barin fili tsakanin wannan da wancan.

Inda nafi so ka fara zuwa shi ne Hayy Jameel a unguwar Muhammadiyya. Ƙungiyar Art Jameel ce ta gina shi aka buɗe ƙarshen 2021, ba wajen ciniki bane, akwai zaurukan baje koli da ɗakunan aiki da azuzuwan koyo har da silima. Can ne zaka haɗu da sa'anninka masu irin ciwon da kake ji, kuma da ɗan gari akan ci gari, su zasu gaya maka wane waje ya buɗe karɓar aiki wannan watan, wanne ne ɓata lokaci. Sannan kar ka raina tsohuwar Jam'iyyatus Saƙafa wal Funun, wato ƙungiyar al'adu da fasaha, tun 1973 take kuma tana da rassa a Jidda da Ɗa'if da Madina da sauran garuruwa, suna baje kolin haɗaka inda mutum ashirin ko talatin kowa zai kawo ɗaya ko biyu. Irin wannan shi ne matakin farko na mafi yawan masu zane.

Na san wani zai ce ai sai Riyad. Eh akwai Misk Art Institute tun 2017 da tallafinsu da shirin zaman aiki na wasu watanni, akwai cibiyar al'adu ta Ithra a Zahran ita ma da gasarta, Ma'aikatar Al'adu kuma da aka kafa 2018 tana da hukuma guda ta wannan fannin. Amma ka dubi Ahmed Mater, likita ne fa, daga ƙauyen masu zane na Al-Muftaha a Abha ya taso, can kudu nesa da Riyad nesa da Jidda. Aikinsa da duniya ta sani maganaɗisu ne baƙi mai kusurwa huɗu, ya zuba garin ƙarfe kewaye da shi, garin ya miƙe ya zagaye shi sak ɗawafi. Ranar da na fara ganin hotonsa na daɗe ban ce komai ba, abin da muke gani kullum ne a Harami amma sai da wani ya nuna min shi da kayan da basu fi cikin tafin hannu ba. Kuma a yankin nasu na Asir, zanen bango da mata ke yi a ɗakunansu, Al-Qatt, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2017. Aikin iyaye mata ne na cikin gida.

To kaga dalilin da yasa nake roƙonka kar ka bar zayyana ka koma kwaikwayon abin da kake gani a waya don a ce maka ɗan zamani. Na je Binalen Fasahar Musulunci, babban baje koli na duk shekara biyu da akeyi a tashar alhazai ta filin jirgin Jidda, anyi na farko 2023 na biyu 2025 kuma shiga kyauta, ƙarƙashin rumfunan nan farare inda iyayenmu suke sauka da jakunkunansu. A na biyun har Kiswa, wato rigar Ka'aba, suka kawo cikakkiya, ka tsaya dab da ita kana ganin yadda zaren zinare ya hau kan juna. Ina zagayawa ina kallon tsofaffin Alƙur'anai na ƙasashe daban daban, zuciyata tana wajen allon sauka na yayana, jan tawada da ruwan ɗorawa da kore, layi cikin layi babu inda alƙalami ya kauce, an yi shi da daddare a hasken fitilar ƙwai. Wannan hannun namu ne, kuma kai ka gaje shi a tsakiyar Makka ka haɗa da aska takwas, wa ke da irin labarinka?

Yanzu aikin da ke gabanka. A cikin abin da ya cika ɗakin ka zaɓi goma kacal waɗanda suke ƴan uwan juna, ka fitar da su inuwa da hantsi ka ɗauki hoto a jikin farin bango ba tare da filashi ba, kowanne ka rubuta sunansa da shekara da tsawo da faɗi a santimita da abin da ka yi shi da shi. In tawadarka ta gawayi da ƙaro ce da ka haɗa da kanka ka faɗa, suna son jin wannan sosai. Sai ƴan layuka da Larabci kan ko kai waye da wanda ya koya maka.

Maganar igama kuwa, kowace sanarwa tana da sharuɗɗanta a ƙasa, wata ta ƴan ƙasa ce kaɗai, wata zaka ga an rubuta ƴan ƙasa da mazauna, wannan taka ce ka nema kanka tsaye. Abin da zan ja kunnenka akai shi ne ciniki, mai igama akwai doka akansa wajen saye da sayarwa, don haka duk ranar da kuɗi zai shiga ka bi ta hannun waje mai rajista, a rubuta komai, kaso nawa, yaushe za a biya, wa zai ɗauki asara in aiki ya lalace.

Baba kuma yana da gaskiyarsa, ka riƙe shagon, Ahmed Mater ma shekaru yayi yana duba marasa lafiya yana zane. Ranar da aka rataye naka na farko ka ɗauki Baba da Umma ku je tare, in tsohon da ya koya maka yana raye shi ma ka biya masa kujera.

TAMBAYA: Anti ni uwa ce a Karantina nan Jidda, ƴata mai shekara 9 duk bangon gida ta zane shi da biro. Ina zan kai ta ranar hutu wanda ba sai na kashe kuɗi da yawa ba?

AMSA: Ƴar uwa Allah ya raya mana ita. Hayy Jameel suna da sashen yara, ki duba shafinsu kafin ku fita don wasu azuzuwan sai anyi rajista. Da yamma in rana tayi sanyi ku gangara bakin teku wajen Hamra, akwai manyan sassaƙe-sassaƙe a fili tun zamanin magajin gari Muhammad Sa'id Farisi, har da aikin Henry Moore shahararren masassaƙin Ingila, ba a biyan ko sisi. Ki tafi mata da littafin zane da fensir ta zauna ta zana wanda ya burge ta. A gida kuma ki manna mata babbar takarda a bango ɗaya daidai tsayinta, in ta cika ki cire ki rubuta kwanan wata a baya ki ajiye mata a ƙasan akwati.